Wane aikin hannu zai iya bina tafiya da yara uku?

Maman Uku

Assalamu alaikum 'yan uwa. A cikin garin Sakkwato nake, amma da wuya wata ya ƙare ba mu hau hanya da yara ba: Birnin Kebbi wurin kakanninsu, Gusau biki ko suna, dogon hutu kuma Kaduna. Daga kwana uku zuwa sati biyu muke yi. Yaran uku ne, 'yar shekara 11, ɗan shekara 7, sai autarsu mai shekara 3. Ina neman abin da zan riƙa yi da hannu ya ɗebe mini kewa, ba don ciniki ba tukuna, in so samu ne yaran ma su samu nasu, don waya ta ɗauke musu hankali. Keken ɗinki ba ya ɗaukuwa, kwalaben haɗa turare kuma ba sa son but ɗin mota. Me zai shiga jaka ɗaya, ya jure zafi da ƙura? Don Allah wanda ya sani ya yi bayani dalla-dalla, har da abin da zan saya.

Mai Kwarashi

Wa alaikumus salam Maman Uku. Kafin ki sayi komai, ki raba lokacinki uku: na gida kafin a tashi, na cikin mota, da na masauki. Yawancin masu fara aikin hannu su yar, sun haɗa ukun ne wuri guda. Duk abin da ke bukatar awo, yanka da shimfiɗa, a gida ake gama shi. Masauki na ƙaramin aiki ne wanda in an ce "fito ga baƙi" za ki ajiye nan take ba tare da ya lalace ba. Mota kuwa, ki cire rai da aikin allura a cikinta. Ido na kallon abu a tsaye, kunnen ciki na jin motsi, nan tashin zuciya ke farowa, ga rami ɗaya ya isa ya kai allura cikin yatsa.

Abin da ya fi dacewa da ke saƙar kwarashi ce. Kayan farawa: kwarashi biyu, mai milimita 3.5 da mai 4, na ƙarfe ba na roba ba, don na roba yana lanƙwashewa in ya kwana a mota mai zafi. Sai zare ƙulli uku ko huɗu, allura mai faɗin ido marar tsini ta ɓoye bakin zare, tef ɗin awo na tela, fil mai kulle guda uku, da ƙaramin almakashi. Duk za su shiga jakar kwalliya ɗaya.

Maganar zare: ulun roba da ya cika kasuwa ya fi arha, kuma da hunturu ba laifi. Amma daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, hannu na zufa, ulun ya riƙa cijewa a jikin kwarashi, saƙar ta matse. A wannan lokacin zaren auduga ya fi. Fari kuwa kada ya bi ki tafiya, ƙurar hanya ta kwana biyu za ta mayar da shi ruwan ƙasa. Ki saka kowane ƙulli a leda mai zif, ki bar ƙaramar kafa da zaren zai riƙa fitowa. Ba zai mirgina ƙasa ba, kuma ba zai faɗa hannun auta ba.

Kada ki ɗauko babban bargo ki ce a hanya za ki saƙa. Ki yi ƙananan murabba'ai masu santimita 10 ta kowane gefe. In hannu ya faɗa, ɗaya ba ya wuce rabin awa. Guda 64, takwas a tsaye takwas a kwance, su ne bargon jariri mai santimita 80. Tafiya ɗaya ki yi goma, ki dawo ki zuba a leda, haɗawa kuma a gida. Abin da ke ɓata shi: wasu su fito manya wasu ƙanana. Dalili biyu ne, ko an sauya kwarashi a tsakiya, ko riƙon zare ya sauya saboda gajiya. Ki riƙe na farko a matsayin ma'auni, duk wanda kika gama ki ɗora a kai. Wanda ya bambanta da fiye da rabin santimita, warware shi tun a nan. Kuma duk inda kika yanke zare ki bar jela ta santimita 12 ki ɓoye ta da allura a take. In kika tara jela sama da ɗari sai ranar haɗawa, ba za ki gama bargon ba.

Tunda kina yawan zuwa suna, ga hular jariri, kwana biyu ta isa. Da doguwar saƙa ake yinta, wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka. Zagaye na farko ido 12, wato doguwar saƙa guda 12, a cikin zoben zare. Na biyu, biyu a kowane ido, 24. Na uku, ɗaya sannan biyu, 36. Na huɗu, ɗaya, ɗaya, biyu, 48. Yaushe za ki daina ƙari? Ki raba kewayen kai da 3.14. Kan sabon haihuwa wajen santimita 35 ne, wato faɗin 11, ki tsaya a 10 don saƙa na miƙewa. Daga nan ki yi ta zagayawa ba ƙari har tsawon ya kai santimita 13 daga tsakiyar kai. In faifan ya yi kwari kamar ƙoƙo tun kina ƙari, hannunki ya matse ko kin tsallake ƙari. In ya yi tattara kamar bakin siket, ƙarin ya yi yawa. Za ki tashi, ki saka fil mai kulle a madaukin ƙarshe, ko yaro ya ja zaren ba za ta warware ba.

Da hunturu kaushin yatsa na kama zare yana tsefe shi. Man kaɗe da dare kafin barci, ba lokacin da za ki ɗauki saƙa ba, don maiƙo na kama ƙura.

Baduku

Hajiya, kina Sakkwato kina neman aikin hannu, ai fata na bakin ƙofarki. Fatar jar akuyarmu ita ce wadda anka daɗe ana ƙetara Sahara da ita, Turawa sunka riƙa ce mata fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Da bagaruwa ake jeme ta, a rina ja da karan dafi. Ba sai kin sayi fata sukutum ba. Ki je wurin masu ɗinkin fata a Madunka ki ce ragowar yanka kike so, gutsattsarin da sunka rage bayan an yanke tum-tum da jaka. Sun ishi mai koyo.

Ki tabbata ta akuya ce. Ta tumaki ta fi laushi a hannu, shi ke ruɗin mutane, amma fuskarta na saɓulewa kuma ɗinki na yaga ta. Ki ja gefen da yatsa biyu: ta akuya ba ta miƙewa sosai, fuskarta na da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Sai gwajin rini. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga da ƙarfi. In ya ɗauko ja mai yawa, wannan fatar za ta ɓata farin mayafi ranar da anka yi zufa. Ki bar ta, ko ki yi ta goge ta da busasshen tsumma har ta daina.

Aikin farko, 'yar jakar katin banki da katin shaida. Katin santimita 8.6 ne a 5.4. Ki yanka fata mai faɗin 10.5 da tsawon 18. Ki naɗo 6.5 daga ƙasa, shi ne aljihu, 6.5 na gaba baya ne, 5 da ta rage marufi. Ki fara yanka a kwali ki gwada da katin kafin ki taɓa fatar. Yanka da sabuwar reza bisa katako, ki danne da rula ta ƙarfe, ja biyu ko uku a hankali sun fi ja ɗaya mai ƙarfi.

Huda ita ce rabin aikin. Ki ja layi milimita 4 daga baki, ki yi ɗigo kowace milimita 4, ki haɗe ninkin biyu da ɗan gam kaɗan, in ya kama ki huda su tare da basilla. In kinka huda kowane ɓangare daban, ramukan ba za su haɗu ba, jakar ta karkace. In kinka matso baki ƙasa da milimita 3, zare shi yaga fatar. Wanga duka a gida, gaba ɗaya, ki yanka ki huda biyar ko shida. Gam ɗin masu takalmi ba ya shiga mota: warinsa na hawa kai, ga yara, kuma zafi na busar da shi cikin gwangwani. Abin da za ki tafi da shi fatar da anka huda, allura biyu marasa tsini, zaren masu ɗinkin takalmi, da ɗan kakin zuma.

Zaren shi ninka tsawon ɗinkin sau huɗu, ki ƙara kamu ɗaya. Ki ja shi bisa kaki sau uku don kada shi harɗe. Allura ɗaya a kowane baki. Ki ratsa ramin farko ki daidaita zaren rabi da rabi, daga nan kowane rami allura biyu ke bi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Kullum ki fara da hannu guda, in yau dama to dama har ƙarshe, in ba haka ba ɗinkin shi yi zigzag. Kada allura ta biyu ta huda zaren farko, in ta huda ba ya jawuwa. A ƙarshe ki koma baya rami uku ki yanke. Amfanin wanga ɗinki, ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe, abin da keke ba ya yi.

Fata ba ta son rana ta gilashin mota, bushewa take ta tsage a wurin ninki. Da hunturu ki shafa man gyaɗa ɗigo biyu a tsumma, ba kai tsaye ba, don yana duhunta launi. Da damina kuma kada ki rufe ta a leda, fumfuna take. Jakar yadi ta fi.

Malamar Firamare

Hajiya, naki an ba ki, bari in taɓa na yaran, don in ba su da abin yi ke ma ba za ki saƙa ido goma ba.

A mota aikin ido da baki ne. Kowane babba a ba shi littafi mai bango mai ƙarfi da fensir, ya zama littafin hanya. Ba rubutu mota na gudu, sai an tsaya salla ko shan mai. Aikinsu su riƙe sunayen garuruwa a jere. Hanyar Gusau: Shuni, Dange, Tureta, Talata Mafara, Maru, Bunguɗu. Hanyar Jega: Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Aliero. Kowane gari a rubuta abu ɗaya da aka gani ko aka ji. Sifawa da ke kusa da Boɗinga, nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari garin Shehu Shagari ne, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Aliero albasa. In ta Argungu kuka bi, ga gidan tarihin Kanta. Tafiya ta uku sai ki daina faɗa, su riƙa cankar gari na gaba. 'Yar 11 ta zana taswirar hanyar a shafi biyu na tsakiya, ɗan 7 ya ƙirga gadoji ko raƙuma. Tatsuniya da kacici-kacici su cike sauran.

Fensir mai launi na katako za ki saya, launi 12 sun isa. Kalar kakin nan narkewa take a motar da aka ajiye a rana, ta manne da kujera. Alƙalamin maka kuma hunturu ke busar da shi in an bar murfi a buɗe, kuma yaro ba ya rufewa.

A masauki, dara. Ba ta da nauyi: ki zana gida 30 a bayan kwali, shida a tsaye biyar a kwance, ko a tona a ƙasa yadda aka saba. Kowa 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya guntun kara. Da fari ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku lokacin dasawa ba. An gama, sai tafiya gida ɗaya, gaba, baya ko gefe, ban da kusurwa. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya. Jeren huɗu ba ci ba ne. Wanda ya kasa jera uku an cinye shi. Alherinta, a gidan kakanni ba a rasa dattijon da zai karɓi yaran ya buga da su, ke ki samu awa guda.

'Yar 11 za ta iya zayyana. Ƙaro cokali ɗaya a jiƙa cikin ruwan ɗumi cokali huɗu ya kwana, a tace. Gawayi a daka shi lilis, a tankaɗe da ƙyalle, a zuba cokali ɗaya a dama. In rubutun na gogewa da yatsa bayan ya bushe, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa, a ƙara ruwa. Don tafiya, a cusa auduga a 'yar kwalba mai murfi a zuba tawadar har audugar ta sha. Ko ta kife ba ta malala, alƙalami kuma ba ya ɗebo fiye da kima. Alƙalamin gamba biyu ko uku, a fere su tun a gida. Ta fara da layi da rula da fensir, gidaje masu santimita 1, sannan ta bi da tawada.

Ɗan 7 kuwa, tattara ganye. Kowane gari ganyen itace ɗaya: bagaruwa, aduwa, kurna, tsamiya, dogon yaro. A shimfiɗa tsakanin tsohuwar jarida a danne da littafi. Da hunturu ƙasa da mako ya bushe. Da damina sai ana sauya jaridar kullum, in ba haka ba ya yi baƙi. Ya manna a littafin hanya da sunan garin da kwanan wata.

Mai Ɗinkin Hula

Ban ƙi kwarashi ba, amma a Sakkwato wata nawa ake saka kayan ulu? Disamba zuwa Fabrairu, shi ke nan. Hula kuwa kullum ana sawa, kuma ba abin da ya fi ta sauƙin ɗauka: tsiri ɗaya na jiki, da'ira ɗaya ta sama, allura, zare. Ki kai wa mai zanen hula ya zana miki mai sauƙi, launi biyu ko uku, manyan gidaje. Ki auna kan mai gidan ko yaron da tef, ki ƙara rabin inci, don ɗinki na tattare yadi, wanki da sitaci su ƙara matse shi. Zaren duka ki saye shi rana ɗaya wuri ɗaya, har da rara. In ya ƙare miki a Kaduna, shuɗin da za ki samu can ba lallai ya zama shuɗin nan ba, kuma a hula bambancin ba ya ɓuya. Tsawon zare a allura kada ya wuce kamu ɗaya, dogo na tsefewa. Zufar hannu na goge zane, don haka ki naɗe ɓangaren da ba ki kai ba ki rufe da ƙyalle. Sai dai gaskiya, aikin makonni ne, yana cin ido, kuma da hasken rana ake yinsa, ba da fitilar waya ba.

Wani abu da ba a faɗa ba: in tafiyar ta gaisuwar rasuwa ce, jakar ta zauna a ɗaki. Ba a fito da saƙa a zaman makoki.

Maman Uku

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura biyu. Auta fa, mai shekara 3? Ina tunanin duwatsun ado ta riƙa jerawa. Sannan a gidan biki kullum ana neman mai zanen lalle, ko in haɗa da shi? Wani lokacin kuma Abuja muke bi ta jirgi.

Malamar Firamare

Ƙananan duwatsu a'a, Hajiya. Mai shekara 3 baki take kai su, ko hanci, ko kunne, kuma a hanya asibiti na nesa. Ki tara kwarkwaron zare da ya ƙare, ko ki yanka kwali mai kauri da'ira-da'ira ki huda tsakiya, ki ba ta igiyar takalmi ta riƙa zurawa. Bakin igiyar mai tauri shi ne allurarta. Ki ɗaure ɗaya a ƙarshe don kada su zube, kuma igiyar ta zama gajera, a karɓe in za ta yi barci. Minti goma zuwa sha biyar za ta yi ta gaji, haka shekarunta suke, don haka abu uku ake riƙewa ana fito da su ɗaya bayan ɗaya, ba a zube mata gaba ɗaya.

Mai Kwarashi

Lalle ya shiga jakar, amma busasshe. Kwaɓaɓɓe in ya yini a zafi ƙarfinsa ya tafi. Ki tankaɗe garin sau biyu da ƙyalle mai laushi tun a gida, don ɗan tsinke ɗaya ke toshe bakin leda. A masauki: gari cokali uku, sukari ƙaramin cokali ɗaya don ya manne kada ya farfashe, ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin man goge baki. Ki rufe ya huta 'yan awoyi. Ki ɗiga a tafin hannu minti biyar ki goge, in ya bar ruwan lemo mai haske ya nuna. Koyon zane a takarda ake farawa, ki zana hannunki ki saka takardar cikin leda mai haske ki yi ta bi kina gogewa. Dayis kuma kada ya taɓa fatar yara. Sinadarin rinin gashi ne a ciki, yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa ya bar tabo daidai siffar zanen.

Jirgi: almakashi, basilla, reza da alluran fata duk su shiga akwatin da za a auna, kada ki bar su a jakar hannu a karɓe a wurin bincike. Kwarashin ma ki saka shi can in guda ɗaya gare ki. Kwalbar tawada a naɗe ta a leda biyu, a cusa cikin takalmi.